Rasuwar Ɗan Baƙi, Keken da Ya Ɗinka wa Tsawar Gabas Riguna

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika ta fal, Malama Kellu Kolo ta makarantar firamare ta Gaya, da mahaifiyarta Ya Gaji, da sauran dangi na Ajingi da Toranke, suna sanar da jama'ar wannan gari da ƙauyukan da ke kewaye rasuwar keken ɗinkin gidansu, wanda maƙwabta suka fi sani da Ɗan Baƙi. Ya cika da hantsi, ran wata Alhamis cikin watan da ya shige, yana tsakiyar aiki, da rigar mai tsaron gida ta ƙungiyar ƙwallon Tsawar Gabas a ƙarƙashin allurarsa. An jinkirta wannan sanarwa ne domin tun daga ranar gidan bai sami sararin yin makoki ba, saboda dalilan da kowa a Gaya ya sani, ko kuma yake zaton ya sani. Wanda ya iya boko ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi, kuma ya karanta har ƙarshe, kada ya tsaya inda ya yi masa daɗi.

Marigayin baƙo ne a ƙasar nan. Daga ƙetaren teku ya zo, ya sauka a wani kanti cikin Birnin Kano, inda marigayi Baba Kolo ya gan shi a 1968, shekarar da 'yarsa ta gama makarantar horon malamai. Gyaɗa ta yi kyau a Ajingi a wannan shekara, dangi duk sun ɗauka tsohon zai sayo kwanonin jere ne irin waɗanda ake tara wa ɗiya mace. Sai ga shi ya sauko daga motar gyaɗa rungume da kan keke naɗe cikin bargo, ɗan dako na biye da ƙafafun ƙarfe. Da 'yan'uwansa suka yi masa ca, sai ya ce musu shi kwano jira yake a zuba masa, wannan kuwa shi zai riƙa kawo abin zubawa. Bai sake cewa komai a kan maganar ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Baƙi ne wuluk, da zanen ruwan zinariya a gadon bayansa, wanda tafin hannun Malama ya goge har ya kusa ɓacewa. Mai ƙana'a ne, ɗigon mai ya ishe shi mako guda. Ba a taɓa jin ya yi gardama da yadi ba, ko na mai kuɗi ko na talaka. Ya ɗinka rigunan 'yan makaranta, ya ɗinka kayan Salla da na suna, ya yi wa wandunan manoma faci a kan faci ba tare da ya nuna ƙyama ba. Maganarsa kaɗan ce kuma kowa ya san ta. A kan akoko yakan ce tak-tak-tak-tak, da sauri, kamar mai murna. A kan kaki sai ya sauke murya, dum-dum-dum. In igiyarsa ta saki yakan yi fyat, fyat, ya jira a ɗaure masa, ba ya ƙari. Matan layin sun shaida cewa da muryarsa suke sanin Malama ta dawo daga makaranta.

Ƙwallo kuwa ba shi ya neme ta ba, ita ta same shi har gida. Lokacin da aka turo Malama aiki Gaya, an ba ta gidan da ke bayan makaranta, wanda tagarsa ta gabas ke kallon filin wasa. A gindin wannan taga aka kafa Ɗan Baƙi, don nan ne haske ya fi shigowa. A wannan zamanin ne manyan masu awon gyaɗa na gari suka haɗa kai suka kafa Tsawar Gabas. Suka ɗebo samari daga Gaya da Gafasa da Toranke da Ajingi, suka sa musu albashi da sunan ma'aikatan sito, amma kowa ya san aikinsu na gaskiya shi ne ƙwallo. Sakataren ƙungiyar, Malam Inuwa, shi da kansa ya yi sallama a zauren Malama da bandir na jan yadi a kafaɗa, ya ce kwamiti ya ji labarin yankanta, telolin kasuwa kuwa in sun ɗinka lamba ba a bambance shida da tara. Tun daga ranar, duk wata jar riga mai ratsin fari da ɗan Tsawar Gabas ya taɓa sawa, daga ƙarƙashin allurar marigayin ta fito. Ana roƙon mai karatu ya riƙe wannan. Kwamiti ya san hannun wa ke ɗinkin tun daga rigar farko.

Mace ba ta shiga fili a garin nan, Malama kuwa ba ta taɓa neman shiga ba. Taga ta ishe ta. Raga ɗaya kawai ake hange daga nan, ɗayar katangar makaranta ta tare ta, don haka rabin kowane wasa ido ke gani, rabi kuwa kunne. Duk ranar Asabar in la'asar ta yi tana kan keke, ƙafa na taka feda, ido na waje. In ƙwallo ta doso raga sai ƙafar ta tsaya da kanta, Ɗan Baƙi ya yi tsit, ba ya sake cewa tak sai an kawar da ita. Ya Gaji takan ce ba ta taɓa ganin ƙarfe mai fargaba irin wannan ba.

Ya ga shekarun daɗi. Ya ga zamanin Tukur, ɗan Gafasa mai lamba tara, wanda rigarsa ba ta taɓa dawowa lafiya ba, don 'yan bayan kowace ƙungiya in sun rasa yadda za su tsai da shi sai su cafke yadi. Marigayin ya mayar wa rigar nan hannu ya fi a ƙirga, kuma da farin ciki yake yi. Ya ga ranar da ƙungiyar ta hau rukuni na ɗaya a gasar jiha, aka cika garin nan da kekuna da jakuna da motocin gyaɗa, dattawan Toranke suka yi rawa a tsakiyar titi da rawunansu. Ya ga mahauta sun raba tsire kyauta, abin da ba a taɓa gani ba kuma ba a sake gani ba.

Sai fari ya zo. Bayan fari, bara, cuta ta naɗe ganyen gyaɗa tun daga nan har Ajingi, sito ya zama wurin kwanan jemagu. Wannan daga Allah ne, gidan mamaci ba ya ɗora shi a kan kowa. Abin da ya biyo baya ne yake da masu shi.

Shugaban kwamiti, Alhaji Badaru, ya sallama Tukur ga wata ƙungiya ta Kaduna. Ya ce don amfanin Tsawar Gabas ya yi haka. Ba a daɗe ba aka ga sabuwar mota a ƙofar gidansa, ba a ga sabon ɗan wasa a fili ba. Rigar lamba tara aka miƙa wa Bala, ƙanen matar Alhaji, aka aiko ta gidan Malama a ƙara mata faɗi ta wajen ciki. Marigayin ya yi aikin don ba ya ƙin umarni, amma a ranar sau biyu ya tsinke zare, abin da ba halinsa ba. Daga nan rigar ta huta. Takan dawo daga wasa fes, ba yaga, ba ƙura, ko gumin kirki babu, sai ɗan maiƙon ƙosai a gaba. Da mai horar da 'yan wasa ya ajiye Bala a benci, aka sallame shi, Alhaji ya koma zaɓen 'yan wasa da kansa ta tagar mota. Aka daina gyara motar ƙungiya, har ta kai yaran nan suka isa wani wasa cikin motar shanu, an riga an busa usur.

Aka shiga shan kashi, gida da waje. Makaɗa suka daina zuwa da ganguna. A teburin mai shayi ba a hirar komai sai zagin kwamiti, dattawan da suka yi rawa a da suka koma hawa kekunansu tun kafin a tashi wasa, su kama hanyar Toranke. Kwamiti kuwa bai taɓa rasa mai laifi ba. Yau alƙalin wasa ne aka saya. Gobe iska ce ta juya. An kori direba, an kori matar da ke dafa wa 'yan wasa abinci a kan wai miyarta na sa nauyin jiki, har mai yankan ciyawar fili an sallama. Duk wanda aka kora sai gari ya ɗan lafa, Asabar ta zagayo a sake zura mana ƙwallo. Malama ta ga waɗannan mutane suna wucewa ɗaya bayan ɗaya ta gaban tagarta da 'yan ƙullin kayansu, ta tausaya musu, ba ta kawo a ranta cewa layin zai iso kanta ba.

Ciwon ajali ya shigo ne cikin jakar Malam Inuwa. Ya zo da rigunan ƙungiya, ya zo kuma da layu, ɗaya ga kowace riga. Alhaji ne ya samo su daga wajen wani mutum na nesa. Ba irin layun da aka saba gani ba ne masu laushin fatar akuya. Waɗannan da ƙirgi, fatar bijimin sa, aka naɗe su, masu kauri da tauri kamar tafin takalmi. Sharaɗin shi ne a ɗinke kowace laya a cikin wuyan riga ta wajen ƙeya, allura ta ratsa fatar kanta don kada abokin gaba ya fizge, kuma kada ruwa ya taɓa rigar har a gama gasa. Malama ta ce masa kekenta na yadi ne, fata aikin dukawa ce, su ke da basilla. Ya ce dukawa bakinsu ba ya rufuwa, kafin la'asar labari ya gama kasuwa, asiri kuwa in ya fita ya karye. Ta ce masa da kwamiti zai samo wanda ya san inda raga take ya ba shi lamba tara, da ba a wahalar da sa ba a wahalar da keke ba. Ya yi dariya ya ce ita dai Malama ba ta rabuwa da maganar 'yan boko.

Ta karɓa. Ta karɓa ne don ƙungiyar na can ƙasan kowa, kuma ba ta so a ce ran da aka nemi taimakonta ta juya baya. Marigayin ya hau fatar nan da muryar da ba a taɓa jinsa da ita ba, gur, gur, gur, kamar tsoho na hawa tudu da kaya. Allurai suka yi ta karyewa, ana sa wata. Jikinsa ya ɗauki zafi. Ta ba shi mai, ta bar shi ya huta, ta riƙa juya masa ƙafar da hannu a hankali. Haka ya daure har aka zo kan riga ta ƙarshe, ta Barau mai tsaron gida, wadda aka ninka wa laya biyu, wai tunda ta nan ƙwallo ke shiga. Ya huda ta farko. A kan ta biyu ya ce ƙas, sau ɗaya, can cikin cikinsa. Malama ta taka feda, ƙafar ta juya sakayau, allura ba ta motsa ba. Mai gyaran da aka kirawo daga Birni ya buɗe shi ya duba, ya mayar da murfin a hankali, ya ce ƙarfen da ke ɗaga allura ya tsage gida biyu, kuma ba a samun irinsa a ƙasar nan yanzu. Da basillar aro ta ƙarasa rigar Barau.

Asabar ɗin da ta biyo baya an yi rana mai zafi. Fatar ta sha gumi ta kumbura, gefenta ya shiga gurzar ƙeyar yaran nan. Malama na tsaye a taga, gawar na gefenta lulluɓe da zane, ta ga Barau yana ta kai hannu bayan wuya kamar wanda cinnaka ya shiga wa riga. Ƙwallon farko ta wuce shi hannunsa na ƙeya. 'Yan baya suna gudu suna karkata kai. Bala ne kaɗai layarsa ba ta dame shi ba, don bai yi gumi ba. Abin da aka zura mana a ranar ba sai an maimaita a takardar makoki ba, duk wanda ya je ya ƙirga.

Da aka tashi, 'yan kallo suka yi wa ofishin ƙungiya zobe. Wannan karo ba direba, ba mai abinci, ba wanda ya rage a kora. Suka fara jijjiga motar Alhaji, wasu na neman hawa rufin kwano. Nan ne Alhaji Badaru ya leƙo ta taga ya ɗaga hannu, ya shaida wa jama'a cewa kwamiti ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya samo magani mai ƙarfi wanda ba a taɓa kawo irinsa Gaya ba, amma maganin na da sharaɗi, hannun mace ba ya taɓa shi. Ya ce yanzun nan ya sami labari wata malamar makaranta ce ta ɗinka, ta karya musu asiri. Malam Inuwa na tsaye a bayansa, kansa a ƙasa, bai ce haka ne ba, bai ce ba haka ba ne.

Suka saki mota suka nufo gidan mamaci. Suka zo da buhun rigunan, suka zazzage shi a ƙofa, suka yayyaga abin da ya yagu, suka wurgo ta kan katanga. Duwatsu suka biyo baya. Ɗaya ya fasa randar tsakar gida, ɗaya ya shigo ta tagar gabas ya sami gawar a gadon baya, ya ƙwarzane abin da ya rage na zanen zinariyar. Aka yi wa Malama waƙa, da sunanta da sunan mahaifinta, da yadda boko ya sa ta raina maganin maza. A cikin masu amshi ta gane muryoyin mutanen da marigayin ya yi wa wandunansu faci.

Washegari mata suka fara zuwa karɓar yadinsu, wanda aka yanka da wanda ba a yanka ba. Hanne maƙwabciya, wadda Ɗan Baƙi ya ɗinka wa kayan sunan 'ya'yanta duka, ta koma ɗiban ruwa a wata rijiyar. Wasu iyaye suka ce 'ya'yansu mata kada su sake zama ajin ɗinki. Shugaban makaranta ya kira Malama ofis ya ba ta shawara, cikin ladabi, ta nemi a mai da ita Ajingi har abin ya lafa. Ya Gaji ta ɗaure kayanta ta ajiye bakin ƙofar ɗaki. Malama ta ce wa shugaban makaranta ta gode, ta kwance wa tsohuwa kayanta ta mayar, kuma kowace safiya tun daga ranar ta babban titi take bi zuwa aiki, ta gaban teburin mai shayi, ta gaishe su ko sun amsa ko ba su amsa ba. Baba Kolo bai bar mata gona ba, bai bar mata shanu ba. Keke ya bar mata da suna. Keken ya tafi.

Gidan mamaci ba zai ce bai ji ciwon abin da 'yan kallo suka yi ba, ya ji, har yanzu yana ji. Amma Malama ta san su. Ta san mutumin da gonarsa ta ƙi, sito ya rufe, bai da abin da zai sa rai a kai duk mako sai yammacin Asabar, ya tako tun daga Gafasa ya tsaya cikin rana a zura masa. Irin wannan mutum in aka nuna masa ƙofa aka ce ga mai laifi, ba ya tsayawa tambaya. Abin da ke hana ta sukuni shi ne, wanda ya nuna ƙofar yana nan kan kujerarsa, kuma ran da aka gama da ita zai nuna wata.

Mutum ɗaya ne ya zo ta'aziyya. Barau ne. Ya tsaya a zaure, ya gaida Ya Gaji, sannan ya juya baya ya janye wuyan rigarsa. Gyambo ne a ƙeyarsa, faɗin layar nan daidai, bai ko fara bushewa ba. Ya ce duk 'yan wasa haka suke, ban da mutum ɗaya. Malama ta tambaye shi me ya hana su nuna wa gari. Ya mayar da wuyan rigarsa.

"Malama, wuyanmu ya sani," in ji shi. "Amma albashinmu a hannun Alhaji yake, ni kuwa ina da 'ya'ya."

Ba ta matsa masa ba. Ta ba shi man shafawa ya tafi.

Marigayin ya rasu ya bar almakashi, abokin aikinsa tun ranar farko, wanda yanzu ke rataye ba mai kiransa. Ya bar kwalbar mai da ba ta kai rabi ba, da kwarkwaron zare cike da ja, da ƙafafunsa na ƙarfe waɗanda ke nan lafiya lau ba su san abin da za su ɗauka ba. Ya bar Ya Gaji, wadda ke cewa shirun gidan ya fi duwatsun damunta. Ya bar Malama Kellu. Ya kuma bar Tsawar Gabas, ita ma tana kwance rai a hannun Allah. Wasa ɗaya ya rage mata, na Asabar mai zuwa, a nan gida. In ta ci ta tsira a rukuni na ɗaya. In aka cinye ta, ko ta kasa fitowa, ta faɗa, kuma kwamiti ya riga ya faɗa cewa in ta faɗa za a watse.

Ga inda maganar ta tsaya. Hukumar gasa ba ta barin ƙungiya ta shiga fili sai da riguna iri ɗaya masu lamba, rigunan Tsawar Gabas kuwa suna tsakar gidan mamaci inda aka wurgo su. Kwamiti ya zagaya telolin kasuwa a ɗinka sababbi, kowanne ya ce aikin Salla ya yi masa yawa. Ba aikin Salla ba ne. Sun ga abin da ya sami mai abinci, sun ga abin da ya sami Malama, ba wanda ke son ya zama na gaba. Shekaranjiya, ana cikin zafin azahar titi ba kowa, Malam Inuwa ya ƙwanƙwasa ƙofar baya, wadda ake fitar da shara ta nan. Ya tsuguna ya yi gaisuwa mai tsawo. Ya ce Alhaji na cike da nadama a zuciyarsa, abin da ya faɗa ranar nan tsoro ne ya sa, da bai faɗa ba da an ƙone mota. Ya roƙi a gyara rigunan da hannu, a sa a buhu, a kai su rumfar wani tela da aka shirya da shi, a ce aikinsa ne.

"Ki rufa mana asiri, Malama, ki rufa wa yaran nan. In an gama wasa sai a san yadda za a gyara sunanki a hankali."

"A gaban jama'a aka ɓata shi, Malam Inuwa," in ji ta. "A can za a gyara."

Ya ce ta yi tunani. Ta ce masa ta gama.

Bai san cewa rigunan sun kusa kammaluwa ba tun kafin ya zo. Tun washegarin jifa ta tsince su ɗaya ɗaya daga cikin fasassun randa. Ta farke layun ta ajiye gefe, ba ta buɗe ko ɗaya ba, ba ta wulaƙanta ko ɗaya ba. Ta wanke rigunan, karo na farko tun da aka hana su ruwa. Ta zauna gindin taga kusa da gawar, da allurar hannu, tana haɗa hannu da kafaɗa, tana mayar da ratsin fari, tana daidaita lambobi. Abin da marigayin zai gama kafin tuwo ya nuna, ita sai ta wuni a kai. 'Yan yatsunta duk sun huje. Ya Gaji ke zura mata zare duk da idonta ya yi rauni, tana zurawa tana faɗa, tana cewa a cikin 'ya'yan Kolo duka ba wanda ya ɗauko taurin kansa kamar wannan. Da ta ji abin da aka shirya yi ranar Asabar ta ajiye zaren ta ce, "Ke Kellu, masu jifan nan ba su karanta takarda." Malama ta ce ta sani. Sai tsohuwa ta tambaya wane mayafi ya kamata ta sa.

Malama ba ta ce rigunan nan za su ci wasa ba. Bala na nan da lambarsa, an ma bar masa faɗin cikinsa yadda yake. Wataƙila a zura mana kamar kullum, wataƙila Asabar ce ranar ƙarshe da za a ga ja da fari a filin nan, kuma tunanin haka na hana ta cin abinci. Abin da ta sani kawai shi ne, yaran za su iya juya wuyansu.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi wa marigayin salla ba, ƙarfe ne, gidan ya san iyakarsa. Ranar Asabar bayan azahar za a ɗora shi a amalanke, a fito da shi ta ƙofar gaba. Za a bi da shi ta cikin kasuwa, ta gaban rumfunan teloli don su yi ban kwana da ɗan'uwansu, a wuce ta ƙofar ofishin ƙungiya, a tsaya a bakin filin wasa, wajen shiga, inda jama'a ke taruwa. Rigunan za su kasance a kan gawar, a ninke. Layun za su zo cikin ƙwarya dabam, a mayar wa mai su. Malama Kellu za ta tako a bayan amalanke, mahaifiyarta na gefenta. Ba za ta shiga fili ba, ba ta taɓa shiga ba, a ƙofa za ta tsaya.

A nan ake sa ran Alhaji Badaru zai fito ya karɓi rigunan da hannunsa daga hannunta, ɗaya bayan ɗaya, idon kowa na kallo. Ba za a ba ɗan aike ba, ba za a ba sakatare ba. Ba a nemi ya yi jawabi ba. In ya miƙo hannu ya karɓa ya ba yaransa suka sa, ya faɗi duk abin da ake so ya faɗa. In kuwa har yanzu hannun mace na karya masa asiri, sai ya juya ya gaya wa mutanen Gaya da Gafasa da Toranke dalilin da ya sa ba za a buga wasa ba, rigunan na gabansu a goge. Bayan haka za a sa gawar a motar Ajingi, a kai ta ɗakin Baba Kolo, inda za ta kwanta.

Ana karɓar ta'aziyya a nan ƙofar fili, daga bakin duk wanda zai iya yin ta a bainar jama'a. Masu niyyar zuwa da duwatsu kuwa, ana roƙonsu su dakata har a gama miƙa rigunan, domin an wanke su an goge, kuma babu sauran keken da zai ɗinka wasu.